Hawan Jinin da Ya Ƙi Sauka: Lacca ga Jama'ar Bebeji, Ƙiru, Tudun Wada da Doguwa

 

Mai girma shugaban taro, iyayenmu hakimai da dagatai da masu unguwanni, Allah ya ja zamaninku. Malamanmu, Allah ya gafarta muku, ya ƙara lafiya. Iyayenmu mata, abokan aikina ma'aikatan lafiya, da duk wanda ya bar gona ko kasuwa ya zo, sannunku da zuwa. Waɗanda suka taso daga Riruwai da Doguwa suka ratso dajin Falgore da sassafe, sannunku da hanya, Allah ya mai da ku gida lafiya.

Yau ba da masu gudun awo nake ba, su ranarsu daban. Maganata da mutumin da ya riga ya san yana da hawan jini ce, yana da kati, yana karɓar magani, amma duk ranar da ya je asibiti sai a naɗa masa abin awo a dantse, ma'aikaci ya kalli lamba ya girgiza kai ya ce, "Baba, har yanzu fa jinin yana sama." Wata uku, wata shida, shekara. Daga nan sai zuciya ta karaya. Wani ya ce maganin asibiti ba ya karɓarsa, wani ya ce an sa masa hannu, wani ya zubar da ƙwayoyin ya koma jiƙe-jiƙe. Abin da na zo in faɗa muku shi ne, jinin da ya ƙi sauka yana da dalili, kuma ana gano dalilin idan aka bi shi daki-daki. Mafi yawan dalilan suna cikin ɗakinmu da tukunyarmu da aljihunmu da kan teburin ma'aikacin lafiya, ba sai an je Kano za a same su ba.

Duk manomin rani a bakin Tiga ya san injin ban-ruwa da mesa. Zuciya ita ce injin, jijiyoyin jini su ne mesar. Matsi yana ƙaruwa ta hanya biyu, ko dai ruwan da ake turawa ya yi yawa, ko mesar ta tsuke. Idan aka daɗe a haka, injin ya gaji, mesar kuma ta fashe inda ta fi rauni. A jikin mutum wuraren raunin su ne ƙwaƙwalwa da ƙoda da ido, sai ita zuciyar kanta da take kumbura ta kasa aiki. Magungunan hawan jini ma aikinsu iri-iri ne, wani yana saki jijiya ta buɗe, wani yana fitar da gishiri da ruwa ta fitsari, wani yana toshe sinadarin da ke sa jijiya ta tsuke. Shi ya sa yawancin masu wannan ciwo ƙwaya iri ɗaya ba ta isarsu, kuma ƙara musu ta biyu ba alamar mutuwa ba ce, haka ake yi ko'ina a duniya.

Lambobin da ake gaya muku guda biyu ne, ta sama da ta ƙasa. Abin da ake nema shi ne a sauko ƙasa da 140 bisa 90. Likitoci ba sa cewa hawan jini ya gagari magani sai mutum yana shan iri uku mabambanta, ɗaya daga ciki mai sa fitsari, kowanne a cikakken ma'auninsa, yana kuma sha kullum, amma lambar ta ƙi saukowa. Ku auna wannan da halin da yawancinmu muke ciki. Mutum yana kan ƙwaya ɗaya ƙarama shekara biyu, wata rana ya sha wata rana ya bari, sannan a ce jininsa ya gagara. Ai ba a ma fara kokawar ba.

Mu fara da awon kansa, domin lamba tana iya yin ƙarya. Ga dattijo ya hau acaɓa daga ƙauye, ya sha gargada da rana, ya tauna goro a hanya, fitsari ya cika masa mara. Yana sauka aka kira sunansa, ya zauna a bakin benci ƙafa a harɗe, aka naɗa abin awo a kan hannun babbar riga, yana amsa gaisuwa ana matsawa. Lambar da ta fito ta wannan minti ce, ba ta zamansa na yau da kullum ba. Awo na gaskiya yana son mutum ya yi fitsari, ya zauna minti 5 ya huta, baya a jingine, tafin ƙafa a ƙasa, dantse a buɗe a ɗora shi daidai ƙirji, baki a rufe, kuma rabin awa kafin nan babu goro babu taba. A auna sau biyu. Mai kaurin dantse idan aka sa masa ƙaramar ɗamara, lambar za ta haura abin da take. Akwai kuma mutanen da ganin asibiti kaɗai yake tayar musu da jini, su koma gida ya kwanta. Wanda yake da hali ya sayi na'urar awo ta dantse, ya riƙa aunawa safe da yamma na mako guda kafin ranar asibiti, ya rubuta a littafi. A gida ana so lambar ta kasance ƙasa da 135 bisa 85. Na'ura ɗaya ta ishi gida guda, ta ma ishi masallacin unguwa idan akwai mai kula da ita.

Idan awo ya tabbata, tambaya ta gaba ita ce mai nauyi: ana shan maganin kuwa? Kada kowa ya ji kunya, wannan matsala ba tamu kaɗai ba ce. A ƙasar Jamus, a shekarar 2013, likitoci sun gwada fitsarin mutanen da aka ce hawan jininsu ya gagari magani, sai suka tarar fiye da rabinsu ba sa shan duk ƙwayoyin da aka rubuta musu, wasu ma ko ɗaya ba sa sha. To ina ga manomin da sai ya sayar da tiyar masara kafin ya shiga kemis?

Na san yadda abin yake faruwa. An rubuta na wata guda, kuɗin hannu na kwana goma ne, sai a ce da mai kemis, "Yanko mini na ɗari biyar." Ya ƙare, sai ran kasuwa. Wani kuma yana da maganin a aljihu, amma sai ya ji ƙeya ta yi nauyi yake haɗiya, in kai ya sarara ya ajiye. Hawan jini ba ya bin ciwon kai. Mutum yana iya yawo da 180 yana jin garau, yana iya fama da ciwon kai jininsa lafiya lau. Maganin nan kamar yadda ake cin abinci kullum haka ake shansa, ranar da lamba ta yi kyau, maganin ne ya sa ta yi kyau, in an janye shi za ta koma inda take.

Akwai waɗanda suka daina saboda abin da maganin ya jawo musu, suka kuma yi shiru. Amlodipine yana kumbura wa wasu idon sawu. Lisinopril yana sa wasu busasshen tari mai hana barci. Mai sa fitsari yana damun ɗan kasuwa da direba da mai son alwalarsa ta daɗe. Wasu mazan kuma sun ga rauni wajen iyali, sun haɗa shi da ƙwayar, sun watsar, kuma ba za su taɓa faɗa wa ma'aikaciya mace ba. Duk waɗannan suna da mafita, ana canja iri, ana rage ma'auni a haɗa da wani, ana mai da mai sa fitsari da safe. Amma sai an faɗa. A nan zan juya ga abokan aikina. Idan ka tambayi dattijo cikin tsawa, "Kana shan magani?" gaban mutane, amsarsa "Ina sha" ce, ko da ya yi wata rabonsa da shi. Ka sassauta murya ka ce, "Baba, mutane da yawa kuɗi yana yanke musu ko su manta. A makon nan kwana nawa ya wuce ba ka samu ka sha ba?" Za ka ji gaskiya. In ba ka ji ta ba, za ka ƙara masa ƙwaya ta huɗu a kan ukun da ba ya sha, ranar da ya haɗiye su duka jiri ya kayar da shi.

Sai abin da muke sha da hannunmu yana warware aikin maganin. Lokacin girbin shinkafa a Tudun Wada, ko ranar da aka wuni ana dakon buhuna a Kwanar Ɗangora, da magariba za ka ga layi a kemis, kowa yana cewa a ba shi haɗin gajiya. A ƙulla masa ƙwayoyi huɗu ko biyar a leda, babu suna babu kwali. A cikin irin wannan ƙullin akan samu diclofenac ko ibuprofen ko piroxicam, wani lokaci har da dexamethasone. Waɗannan suna sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa, suna tayar da jini, suna cin ƙoda a hankali. Tsohuwa mai ciwon gwiwa da take shan su kullum, ko an ba ta maganin hawan jini iri uku ba za a ga biyan buƙata ba. Haka ƙwayoyin sa ƙiba da 'yan mata suke sha, da wasu mayukan bilicin, da wasu magungunan mura masu buɗe hanci, da lemon ƙara kuzari na gwangwani, da wasu ƙwayoyin tazarar haihuwa. Mai hawan jini in ciwon jiki ya dame shi, farasitamol ya fi masa sauƙin haɗari. Roƙona, ranar asibiti ku zuba duk abin da kuke sha a leda ɗaya, na asibiti da na kemis da na gargajiya, ku juye a kan tebur a gani.

Yanzu mu shiga madafa, kuma iyaye mata ku ba ni kunnuwanku, domin nan ne na fi so mu daɗe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babban mutum zai ci a wuni kada ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, a haɗa da wanda ke ɓoye cikin abinci. Matar gida takan ce, "Wallahi tun da aka ce Malam yana da hawan jini na daina sa masa gishiri." Gaskiya ta faɗa. Amma mu tsaya a kanta tana miyar kuka. Ta murmushe dunƙule huɗu, ta barbaɗa farin magi, ta jiƙa kanwa ta tsiyaya. Aka kawo tuwo, Malam ya jawo gwangwanin yaji, wanda aka daka da gishiri da dunƙule, ya zuba. Da safe ɗanwake ne, shi ma da kanwa aka kwaɓa shi. Da daddare ya biya wajen mai tsire ko mai shayi, a soya masa indomi a juye ƙullin sinadarin duka. Gishirin da aka hana shi ya shigo ta ƙofa biyar. Abin da ke tayar da jini a cikin gishiri sunansa sodiyam, kuma dunƙule kusan rabinsa gishiri ne, farin magi yana da sodiyam, kanwa ma cike take da shi ko da ba ta yi ɗanɗanon gishiri a baki ba.

Maganar kanwa tsohuwa ce a wajen likitocin ƙasar Hausa. A shekarun 1970, wasu likitoci biyu a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Davidson da Parry, sun bi mata sama da 200 da zuciyarsu ta kasa bayan haihuwa, suka lura da yawan kunun kanwar da ake ɗura wa mai jego da zafin da ake gasa ta da shi. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya nuna akwai wasu dalilan ban da wannan, amma babu likitan da zai yarda a ba mai jegon da ke da hawan jini kunun kanwa kofi-kofi. Kakanninmu da surukanmu, don Allah ku taimake mu a nan, domin ku ake ji a ɗakin mai jego.

Ban ce a ci lami ba. Abincin da ba ya ciwuwa ba wanda zai jure masa. A rage a hankali, dunƙule huɗu ya koma biyu ya koma ɗaya, daddawa da albasa da tafarnuwa da citta da busasshen tumatir su cike gurbin. A cikin 'yan makonni harshe yana sabawa. Kuma a rage wa tukunyar gidan gaba ɗaya, domin ware wa mutum ɗaya tukunya ba ya ɗorewa, 'ya'yan mai hawan jini kuwa su ne suka fi kusa da gadonsa. Mu baƙar fata jikinmu ya fi saurin amsa gishiri, saboda haka ragewar tana yi mana aiki sosai, wani lokaci kamar an ƙara ƙwaya guda.

Za a tambaye ni zoɓo da zogale da tafarnuwa. Zoɓo marar sukari an gwada shi, yana ɗan sauke jini kaɗan. Ku sha, amma ba ya maye gurbin ƙwaya ga wanda yake 170. Abin da nake tsoro shi ne jarkar da ake tallarta da lasifika a kasuwa, wadda aka ce tana warkar da hawan jini da siga da basir cikin mako biyu, ba wanda ya san abin da ke ciki, ƙodar da hawan jini ya riga ya raunana kuma ita za ta tace shi. Addu'a da neman magani tare suke tafiya, malamanmu da ke zaune nan sun fi ni sanin haka.

Idan marar lafiya ya yi nasa, saura namu. Laifin da ya fi yawa a ɓangarenmu shi ne a ga lamba a sama, a sake rubuta abin da aka rubuta watan jiya, a ce "a ci gaba." Alhali akwai tsani a rubuce. A ƙarshen shekarar 2020 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da Hukumar Lafiya ta Duniya da abokan aikinsu suka fara shirin shawo kan hawan jini a ƙananan asibitoci 104 na jihohin Kano da Ogun, da tsarin magani mai sauƙi wanda ma'aikacin lafiya na karkara zai iya bi. Ana farawa da amlodipine miligiram 5. In bayan wata guda bai sauka ba, a haɗa da losartan 50. In ya ƙi, a ninka su, 10 da 100. In ya ƙi, a ƙara hydrochlorothiazide 25. In har yanzu yana sama, a tura shi ga ƙwararre. Wata-wata ake hawa, ba shekara-shekara ba. Farawa da amlodipine ma yana da hujja daga jikinmu. A 2019 aka fitar da sakamakon wani gwaji mai suna CREOLE, wanda Farfesa Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta, Farfesa Mahmoud Sani na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana cikin masu aikin. An gwada mutum 728 a ƙasashen Afirka 6, aka ga haɗin da ke da amlodipine a ciki ya fi sauke jinin baƙar fata. Gargaɗi ɗaya: losartan da lisinopril haramun ne ga mai ciki, suna cutar da ɗan tayi. Macen da take shan su ta ga ɓatan wata, ta garzaya a canja mata zuwa methyldopa ko nifedipine, kada ta zauna babu magani.

To, akwai waɗanda aka bi duk wannan da su, awo daidai, sha kullum, gishiri ya ragu, babu haɗin kemis, ƙwaya uku cikakku, jini yana nan sama. Su ne masu hawan jinin da ya gagara da gaske, kuma su ne ya kamata su hau motar Kano, zuwa Asibitin Malam Aminu Kano ko na Murtala. Abin da za a nema a jikinsu shi ne wani ciwo da yake ɓoye a ƙasa. Na farko ƙoda, da gwajin fitsari da na jini ake gane ta, kuma duk mai hawan jini ya kamata ya yi su ko sau ɗaya a shekara, domin wankin ƙoda yana cinye gona da shanu. Na biyu wani ɗan ƙullutu a saman ƙoda da yake fitar da sinadarin riƙe gishiri fiye da kima. Na uku minshari mai tsanani, irin wanda numfashi yake ɗaukewa cikin barci mutum ya farka a firgice, ya wuni yana gyangyaɗi. Wannan matar gida ce za ta ba da labarinsa, shi bai sani ba. Saurayi ko budurwar da ba su kai shekara 30 ba aka same su da jini mai tsanani, su ma a bincike su da wuri. Akwai kuma ƙwaya ta huɗu, tsohuwa mai araha, spironolactone. Wani gwaji da aka yi a Birtaniya aka fitar a 2015 ya nuna ta fi sauran aiki ga irin waɗannan mutane. Amma ba a sayenta a kemis da ka, sai an duba ƙoda da sinadarin fotashiyam a jini kafin a fara da bayan an fara, domin in ya taru yana iya tsayar da zuciya.

Masu azumi, yawancin ƙwayoyin nan sau ɗaya ake sha a wuni, ana iya mai da su buɗa-baki ko sahur. Ku je a tsara muku kafin watan ya kama, musamman mai shan na sa fitsari idan azumi ya faɗo cikin zafi.

Abin da ba ya jiran gobe kuwa, ku riƙe shi da kyau. Baki ya karkace, hannu ko ƙafa ya saki, magana ta sarƙe, ƙirji ya riƙe, numfashi ya gagara, gani ya dushe farat ɗaya, ko mai ciki ta kumbura tana ciwon kai tana ganin taurari. A nemi mota nan take, ko tsakar dare ne. Kada a tsaya turare da shafe-shafe ana cewa iska ce ta buge shi, a yi addu'ar a cikin mota. Kada a ɗura wa wanda bakinsa ya karkace ruwa ko ƙwaya, zai iya shaƙewa.

Iyayenmu sarakuna da shugabannin ƙananan hukumomi huɗun nan, buƙatarmu gare ku ba ta da tsada. Kowane ƙaramin asibiti ya samu na'urar awo mai aiki, da ɗamara babba da ƙarama, da batir. Ƙwayoyi ukun nan na tsani kada su yanke a shagon asibiti, domin duk watan da suka yanke aikin wata shida ne ya rushe. Wanda jininsa ya daidaita a riƙa ba shi na wata uku lokaci guda, kuɗin motar mutumin ƙauyen Doguwa ya koma kuɗin magani. Manyan asibitocinmu su iya gwajin ƙoda ba sai an tura mutum birni ba. A kuma taimaka wa tsofaffi da marasa ƙarfi su yi rajista da hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, KSCHMA, dagatai da masu unguwanni sun san su gida-gida. Masu kemis da ke cikin taron nan, ku tambayi mai neman haɗin gajiya ko yana da hawan jini kafin ku ƙulla masa.

Abokan aikina sun kafa teburin awo a bakin ƙofa, maza a dama, mata a hagu. Wanda ya zo da ledar maganinsa ya riƙe ta a hannu, za mu duba tare bayan an amsa tambayoyi.